Ina iyakar ikon gwamnati kan abin da muke ci?

Ɗan Kasuwa, Garoua: Assalamu alaikum. Gwamnati ta tilasta sa aidin a gishiri, tana duba nama, tana hana sa maganin ƙwari a busasshen kifi. Shin ikonta ya kai har cikin tukunya, ko akwai inda ya tsaya?

Malamar Asibiti, Ngaoundéré: Wa alaikumussalam, Alhaji. Ikonta ya fi ƙarfi a kan abin da idon mai saye ba ya gani. Tun 1991 Kamaru ta wajabta aidin a gishiri saboda maƙoƙo. A 2011 aka ƙara bitamin A a man girki na masana'anta, sinadarin ƙarfe da zinki a fulawa, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, ANOR, ce ke sa ma'auni. Amma dokar a masana'anta da bakin iyaka take aiki. Gishirin da aka bari a buɗe cikin laima da rana, aidin ɗinsa raguwa yake. Man da aka juye a farar kwalba aka jera a rana, bitamin ɗinsa lalacewa yake. Wannan ba mai hana shi sai mai shago da uwargida.

Mai Hatsi, Maroua: Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai hani kaɗai ba ya aiki. Wanda ke zuba wa wake guba tsoron ƙwari yake, kuma jami'i ba zai shiga kowane rumbu ba. A ba shi mafita: buhu mai riɓi uku, dabarar da aka fara gwadawa a nan Maroua da masu binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin rashin iska ke kashe su. Inda ake kuskure: leda mai huji, ko yawan buɗewa. Wake mai danshi kuwa fumfuna zai yi.

Likitan Dabbobi, Kousseri: A nama ban yarda a sassauta ba. Ana duba dabba da rai, bayan yanka a tsaga huhu da hanta da kaluluwa, don tarin fuka da tsutsar hanta, sannan a buga hatimi. Saniya ɗaya mai cuta unguwa guda take ciyarwa. Wanda ya yanka ragonsa a gida don iyalinsa, shawara kawai za a ba shi. Wanda ya fito da nama tebur yana sayarwa, dole ya bi ta mahauta.