Pluto na Urasawa: sai na fara karanta Astro Boy tukuna?

Habiba: Assalamu alaikum. Daren jiya na gama littafi na ɗaya na Pluto, labarin zane na ƙasar Japan wanda Naoki Urasawa ya zana. Na shiga ne don binciken kisa: an ragargaza wani mutum-mutumi mai suna Mont Blanc a Suwizalan, an kashe wani mutum a Jamus, kuma kowanne an kafa masa wani abu kamar ƙaho a kai. Ina bin Gesicht, mutum-mutumin da ke bincike, kwatsam sai labari ya koma Sikotilan wajen wani mutum-mutumin mai suna North No. 2 da makahon tsoho mai tsara kiɗa. Wallahi sai da na yi ƙwalla, injin yaƙi yana roƙon a koya masa fiyano don kada ya koma fagen fama. To amma wannan ɓangaren yana da alaƙa da binciken kuwa? Kuma dole ne in san Astro Boy, tsohon labarin zanen da aka samo Pluto daga gare shi, kafin in ci gaba?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Malama Habiba. Ba dole ba ne. Asalin labarin na Osamu Tezuka ne, wani babi na Astro Boy da ya fito a 1964, kuma a can Gesicht ɗan rakiya ne kawai. Urasawa da Takashi Nagasaki suka ɗauko shi suka ɗora masa labarin, daga 2003 zuwa 2009, littafi 8. North No. 2 kuwa yana cikin manyan mutum-mutumi bakwai da ake farauta, kuma tsohon yaƙin da ke hana shi sukuni shi ne tushen komai. Ki lura da tawagar da aka tura ƙasar Farisa neman makaman ƙare dangi, ba ta samu ba, aka yi yaƙin duk da haka. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Iraƙi a 2003 zai gane.

Nura: Malam, a yi mana a hankali, kada a fasa mata ƙwai! Ni dai Yaya Habiba, shawarata ki bar Tezuka sai kin gama. Na fara da shi, na san wanda zai mutu da wanda zai biyo baya, rabin fargabar ta tafi.

Habiba: Na gode. Fim ɗin Netflix fa?

Nura: Na 2023, kashi 8, kowanne kusan awa guda. Yana da kyau, amma ki gama takarda tukuna. Yadda Urasawa ke zana fuskar Gesicht in ya yi shiru, a takarda kina iya tsayawa a kai yadda kike so.