Fim ɗin barkwanci mai taɓa siyasa: ta ina hukumar tace fina-finai ke kama mutum?

Sabon Marubuci:
Assalamu alaikum. Akwai labarin camama a hannu, na wani shugaban ƙaramar hukuma da ke ƙaddamar da rijiyar burtsatse ɗaya duk lokacin da zaɓe ya matso. A Kano za a ɗauka, a saka a YouTube. Manyanmu a harkar, me hukuma ke yankewa a irin wannan? Kuma satifiket ɗin hukumar tace fina-finai ta ƙasa da ke Abuja ya wadatar?

Tsohon Furodusa:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bai wadatar ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba fim matakin shekarun masu kallo. Kano kuma tana da tata tun 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a, kuma fim ɗin da aka yi ko za a nuna a jihar sai ya bi ta hannunta. Zaman YouTube ba mafaka ba ne: a 2025 hukumar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda sakinsu ba tare da tacewa ba.

Abin da matasa ba sa ganewa shi ne, ba kasafai ake rubuta "ya yi wa gwamnati shaguɓe" a takardar tuhuma ba. Ta takardu ake shigowa. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure marigayi Ibro wata 2, kuma batun rajistar kamfani na cikin tuhumar. Furodusa Iyan-Tama ma, wanda ya yi suna wajen sukar hukumar, ta wannan ƙofar aka bi masa a shekarar. Saboda haka kafin a kunna kyamara, ka tabbatar kamfani na da rajista, lasisin darakta da na 'yan wasa bai ƙare ba, kuma ka adana rasit ɗin duk kuɗin da ka biya.

Mai Karatun Shari'a:
Allah ya ƙara girma, Alhaji, bari in ɗora. Satifiket ɗin tacewa ba ya hana wani kai ƙarar ɓata suna. Sashe na 391 na kundin hukunta laifuffuka, wato Penal Code, ne ya fayyace laifin, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Tambayar da kotu za ta duba ita ce ko mai kallo zai gane da wa ake. Canza suna kaɗai ba ya fitar da kai idan ka bar kamannin, da salon maganar, da wani abin da kowa ya san ya faru da mutum ɗaya tak. A 2022 an yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20, da biyan tara, da sharar kotu, kan bidiyon da suka ambaci gwamnan Kano na lokacin.

Edita Mai Dare:
Malam, rabin matsalar a wajen kaya take. Jar hula a Kano ta riga ta zama sanarwa, haka tsintsiya da lema a jikin fosta. Ka ƙirƙiri jiha da jam'iyya da tambarinta, ka duba bayan kowane hoton da kyamara ta ɗauka kada allon wata sakatariya ko fostar ɗan takara ta shigo. Kakin 'yan sanda da rawanin sarauta ma a yi hattara. Wasa da malami ko masarauta ya fi saurin jawo almakashi fiye da wasa da ciyaman.

Duk fitowar da kake shakka, ɗauke ta sau biyu, mai zafi da mai sauƙi, tun kuna lokeshin. Dawo da ɗan wasa bayan wata biyu tsada ne, ga gemu ya canza. Ka ajiye murya daban, kiɗa daban, yadda in an ce a cire kalma ɗaya ba sai an zubar da fitowar gaba ɗaya ba. Sannan abin da aka tace shi za ka saka. Maido da abin da aka yanke a tirela ko guntun TikTok, nan ake yawan faɗawa.

Tsohon Furodusa:
Labarinka ma ya fi ƙarfi a haka. Rijiyar nan kowace ƙaramar hukuma za ta ce tata ce. Sai dai ka duba lokacin saki. Ana saura wata biyu zaɓe, kowa neman fassara yake.