Corolla ta ta faɗi gwajin hayaƙi, aiki na neman kuɓuce mani, a taimaka da shawara

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mani, raina a jagule yake. Ina da Corolla 2004, ta marigayi yayana ce, shi ya sayo ta 'yar Kwatano, da ya rasu aka yi rabon gado ta faɗa hannun matarshi da yara, sai na sayi motar a hannunsu don kada ta bar gida, har yanzu ma akwai sauran kuɗinsu da nake biya duk wata, kuma da motar ga nake neman abin da nake biyan. Ina zaune Ƙofar Ƙaura, ina ɗaukar fasinja Katsina zuwa Kano, wani lokaci Daura. To yanzu wani abokina ya samo mani shata, wasu ma'aikata zan riƙa kaiwa Abuja ina dawowa da su, amma sun ce sai na kawo takardar lafiyar mota ta gwajin kwamfuta. Na kai ta, birki ya wuce, fitilu sun wuce, da suka zura wani ƙarfe cikin salansa sai suka ce hayaƙi ya yi yawa, CO, wato iskar guba da ke cikin hayaƙi, ya haura. Na dawo bakanike na ya canza filogi, ya juye baƙin mai, ya wanke nozul, na koma, nan ma ta faɗi. Masu shatar kuma ƙarshen wata suka ba ni. Mi zan yi?

Oga Na Gareji:
Wa alaikumus salam. Ringin fistin ne. Ba sai an wahala ba. Injin Corolla ɗin nan, 1ZZ, kowa ya san halinshi, in ya tsufa ringi ke kamewa ya riƙa shan baƙin mai. Ko dai a sauke inji a yi ringi da bal sil, robar nan da ke tare baƙin mai a kan bal, ko ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano ka ɗauko inji ɗan Beljiyam ka huta. Tun ana yayin 504 nake wannan sana'a.

Injiniya Ɗan Daura:
Oga a yi haƙuri, bai ma faɗi kalar hayaƙin ba. Malam, da safe in ka tada ta wane irin hayaƙi take yi? Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai shi ne na ringi ko bal sil. Baƙi kuwa fetur ne ya fi iska yawa. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga, gaskit ke nan. Kuma CO da suka ce maka, yawanci yana nuna fetur ya yi yawa bai gama ƙonewa ba. Fitilar cek injin tana kunne?

Baban Khalifa:
Injiniya ni dai ban ga shuɗi ba, baƙin mai ma ba ta rage shi sosai. In na taka da ƙarfi tana ɗan yin baƙi, kuma bakin salansa in ka sa yatsa sai ya fito da baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Fitilar kam tana kunne tun yaya na da rai, kuma bai taɓa kwana a hanya ba saboda ita.

Maman Ilham:
Ɗan uwa ka leƙa ƙarƙashin motar ka duba ko indomin ka, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, na nan. Wallahi ni abin da aka yi mani ke nan, na kai mota gyaran salansa wani gareji nan cikin gari, na bar ta ta kwana, tun daga ranar ƙararta ta canza, warin hayaƙi har cikin mota yara na tari. Sai da ƙanin maigidan ya duba ya ga an yanka an kwashe abin ciki an yi walda an mayar. Na koma suka rantse ba su ba ne. Saidawa suke saboda akwai ƙarafa masu tsada a ciki, su filatinam. Na bar su da Allah.

Oga Na Gareji:
Hajiya ba kowane bakanike ne ɓarawo ba. Wani lokaci indomin ne ke toshewa mota ta ƙi ja, mai mota da bakinshi zai ce a fasa, daga baya kuma a ce mu ne. Ni dai na faɗa, ringi ne.

Injiniya Ɗan Daura:
Baƙin da ya gani a yatsa ya nuna inda matsalar take. Kafin ka kashe ko sisi ka kai ta a sa mata na'urar sikanin, motar 2004 tana da wurin jonawa ƙarƙashin sitiyari, minti kaɗan ne. In ta nuna lambar P0172 fetur ya yi yawa, in P0420 indomi ya mutu ko babu shi, in P0135 hitar oksijin sensa ce ta ƙone. Ka buɗe filtar iska ma, ƙurar hunturun nan tamu tana toshe ta, ga sensar iska da ke bayanta, ita ma in ta yi datti ƙarya take faɗa wa kwamfutar mota. Sai tambaya ɗaya, tamostat ɗinka, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, na nan ko an cire?

Baban Khalifa:
An cire, kuma an haɗa fanka kai tsaye. Ni na sa aka yi. Akwai lokacin da ta yi obahitin tsakanin Mashi da Daura da azumi ga fasinja cike, tun da aka cire ba ta sake ba. Abin nan don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan watan Afrilu zafi ya wuce 40.

Injiniya Ɗan Daura:
To ga shi nan. Tamostat ɗin injin nan wajen digiri 82 yake buɗewa, zafin Katsina ko rabin nan ne kawai. In babu shi kuma fanka na juyawa kullum, inji ba ya kaiwa zafin da aka tsara mashi, kwamfuta sai ta ɗauka har yanzu sanyin safiya ne ta ci gaba da ƙara fetur. Shi ke kawo baƙin hayaƙi da shan mai, kuma a hankali ya kashe indomi. Obahitin ɗin da ta yi wancan lokaci lagireto ne ya toshe ko murfinshi ko fanka, shi ya kamata a gyara.

Oga Na Gareji:
Wannan karatun littafi ne. Ka zagaya tashar Katsina ka buɗe bonet ɗin motocin haya ka ƙirga mani masu tamostat. Ka sa ya mayar, gaskit ya ƙone mashi a hanyar Abuja, kai za ka biya?

Alhajin Jibiya:
Ni duk wannan gwajin ma ban ga amfaninshi ga talaka ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutum da ƙyar yake cika tanki, ga tireloli suna tafe suna turnuƙe hanya da hayaƙi ba mai ce masu uffan, sai ƙaramar mota. Ni Sharan ɗina na jingine ta, kuɗin taya ma ya gagara. Ka nemi wanda ya san wani a wurin kawai a buga maka takarda.

Maman Ilham:
A'a Alhaji, wannan ba shawara ba ce. Mutane zai ɗauka, kuma shi ma hayaƙin yake shaƙa.

Baban Khalifa:
Alhaji na gode amma ba zan bi ta nan ba, kuɗin marayu ke cikin motar. Injiniya na ji bayaninka, sai dai gaskiya tamostat ba zan mayar ba, ni na san abin da na gani a hanya. Bakanike na kuma tun yaya shi ke duba ta, ba zan ce ya taɓa indomi ba. Wani ya ce mani akwai maganin da ake zubawa a tanki ya wanke komai, ko shi zan gwada?

Injiniya Ɗan Daura:
Ba zai gyara sensa ba, ba zai maido indomi ba. Ko ba komai in za ka koma gwajin kada ka kai ta da sanyi, ka yi tafiya mai nisa ta yi zafi sosai, kada ka kashe ta a layi. Amma sikanin dai shi ne farko. A ina kake shan mai ma, gidan mai ko wajen 'yan bumburutu?

Oga Na Gareji:
Kawo ta gobe da safe in ji ƙararta da kunnena. In ba ringi ba ne kada ka ba ni ko kwabo.

Baban Khalifa:
Mai ina haɗawa, in dare ya yi mani a hanya dole bumburutu. Oga sauke inji kafin ƙarshen wata anya zai yiwu kuwa, kuma da wane kuɗi? Wai shi sikanin ɗin nawa ake yi a nan Katsina, kuma in ya nuna indomi ne, akwai na hannu mai kyau ko duk fanko ake saidawa?