Neman kalma: me za mu kira Barbara Cartland da Hausa?

Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe da la'asar ina da shiri a rediyo kan Barbara Cartland, Baturiyar Ingila da aka haifa a 1901, ta rasu a 2000. Turawa na ce mata "romance novelist". Littafi 723 ta bari, har akwai shekarar da ta fitar da 23. Me zan kira ta?

Malam Sani: Marubuciyar ƙagaggun labaran soyayya.

Hadiza: Ya yi tsawo, Malam. Sau goma zan faɗe shi cikin minti ashirin.

Baba Ɗanjuma: Ni "soyayya" ce ban yarda da ita ba. 'Yan matan littattafanta ba sa kusantar namiji sai an ɗaura aure, labarin duk ɗoki ne da jira. Wannan bege ne. Ku ce "mabegiya".

Malam Sani: Baba, duk wanda ya ji "mabegiya" mai begen Annabi zai kawo a ransa. Kuma kalmar ba ta nuna rubutu.

Baba Ɗanjuma: Da ma ba ta rubuta da hannunta ba! Kishingiɗa take yi tana yi wa sakatariya shifta.

Usman: To ku ce marubuciyar adabin kasuwa mana, kamar na Kano.

Hajiya Rabi: Usman, ka janye wannan. Da sunan nan aka raina matan Kano da suka sa mu karatun Hausa muna 'yan mata. Ita Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar Dame a 1991, namu kuwa sai a jingina su da kasuwa?

Usman: Yi haƙuri, Hajiya. Amma ita ma masu sharhin adabi na can sun raina ta, duk da 'yarta Raine ta auri mahaifin Gimbiya Diana.

Hajiya Rabi: Raini ɗaya, suna ma ya zama ɗaya. Abin da muke kiran namu shi za a kira ta: marubuciyar littattafan soyayya.

Hadiza: Na gode, iyayena. Zan buɗe da na Hajiya, daga baya in taƙaita zuwa "marubuciyar soyayya". Zancen shifta zan sa shi cikin shirin. Dame kuma fa?

Malam Sani: Bar ta yadda take, ki ce lambar girma ce.

Baba Ɗanjuma: Ki yi shirinki, 'yata, Allah ya taimaka. Amma ban sauka daga "mabegiya" ba.