Ciwon ƙodar Baba da taurin bayan gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Babanmu ya daɗe da hawan jini, yanzu likita ya ce ƙodarsa ta yi rauni, amma ba a kai ga wankin ƙoda ba. Abin da ya dame mu sai ya kwana uku bai zaga ba, cikin ya cushe, abinci ma sai an lallaɓa shi. Maƙwabta na cewa mu ba shi jiƙon wankin ciki da zogale. Me za mu yi?

Maman 'yan biyu: Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah ku rabu da jiƙon nan, ba ku san abin da aka haɗa a ciki ba, kuma ƙodar ce za ta tace shi. Haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na kemis, suna ƙara lalata ta.

Wata nas: 'Yar uwa, kada ku raina maganar bayan gidan. Idan ƙoda ta gaza fitar da sinadarin fotasiyam, hanji ne ke taya ta. In cikin ya ɗaure, sai fotasiyam ɗin ya taru a jini, kuma yawansa kan rikita bugun zuciya. Ku gaya wa likita ya rubuta maganin sassauta ciki wanda ya dace da mai ciwon ƙoda, a kuma auna jinin. In fotasiyam ya hau, a rage ayaba, dabino, tumatir, alayyahu da zogalen. Kabeji, yalo, kokwamba da tuffa sun fi sauƙi, suna kuma taimaka wa hanji. Dankali a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan.

Baban Gashuwa: Mu nan cutar ta yi mana yawa. Tukunya ita ce farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule da kanwar ɗanwake duk suna cikin lissafi. Ku cire masa miyarsa daban, a ji ɗanɗano da albasa, citta da tafarnuwa.

Mai tambaya: To ruwa fa, da fura da nono?

Wata nas: In ƙafafunsa na kumbura, likita ne zai ƙayyade ruwan. Nono na da sinadarin fosforas, wanda ƙoda mai rauni ke wahalar fitarwa, sai kaɗan. Ranar asibiti ku je da jerin duk abin da yake ci.