Me ya sa ake rububin jitar Fender Starcaster, alhali kwantai ta yi a zamaninta?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. A makon jiya na shiga shagon wani mai sayar da kayan gwanjo, na tarar da wata jitar lantarki a jingine tsakanin tsofaffin lasifikoki, an rubuta "Starcaster by Fender" a kanta. Mai shagon ya tsuga mata kuɗi, yana cewa irinta Turawa ke nema ruwa a jallo saboda an daina ƙera ta tuntuni. Da na duba intanet, na ga lallai akwai jita mai wannan suna da ake sayarwa dubban daloli, sai dai surarta ta sha bamban da wadda na gani, domin ta shagon tamkar Stratocaster take, wato shahararriyar jitar nan marar rami ta kamfanin Fender. Shin ita ce ta asalin? Kuma mene ne ya sa jitar da kamfaninta ya yi watsi da ita ta zama abin rububi?

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi gaggawar zare kuɗinka, domin suna ne kawai ya haɗa su. A shekarun 2000 kamfanin Fender ya ɗora wannan suna a kan wasu jitoci masu araha na 'yan koyo, irinsu ne kuma suka fi shigowa cikin kayan gwanjo. Ta asalin a 1976 ta fito daga masana'antar kamfanin da ke Fulaton a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Jikinta faffaɗa ne mai rami a ciki, da tsaga biyu a fuska irin na goge na Turawa, ƙugunta kuma a karkace yake. Maɓallanta biyar ne: biyu na ƙarar sauti, biyu na launinsa, sai guda da ke juya ƙarar gaba ɗaya. Idan ka kifa ta, za ka ga kusoshi uku ne suka riƙe wuyan, ba huɗu ba. Ka koma shagon ka ƙirga da kanka.

Malama Mai Tsirkiya:
Baba ya gama magana a kan tambayar farko, ni kuwa zan ɗan tsaya a kan ta biyu. A lokacin da aka ƙera Starcaster, Fender yana hannun kamfanin CBS, wanda ya saye shi a 1965, kuma burinsu shi ne su ƙwace kasuwar ES-335, jitar kamfanin Gibson abokin hamayyarsu, wadda ta mamaye fagen jita mai rami tun 1958. Gene Fields, ma'aikacin Fender, shi ne ya zana Starcaster, amma aka yi rashin sa'a ta faɗa tsakanin gida biyu: masoya Gibson suka ce jitar da aka ɗaure wuyanta da kusa ba tasu ba ce, masoya Fender kuma suka ce ba su san gidansu da jita mai rami ba, musamman da yake Coronado, jitar Fender mai rami wadda ta riga ta, ita ma ba ta yi kasuwa ba. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1980 an tattara ta an ajiye. Wannan kwantan da ta yi shi ne tushen ƙarancinta a yau, tunda abin da ba a saya ba, ba a ƙera shi da yawa.

Amma a ganina ƙaranci kaɗai bai isa dalili ba. Darajarta tana ga na'urorin ɗaukar sautinta guda biyu, waɗanda ake kira Wide Range. Seth Lover ne ya ƙirƙiro su, shi ne kuwa mutumin da ya yi wa Gibson shahararriyar na'urar nan mai kashe gurnanin lantarki kafin ya koma Fender a 1967. Maganaɗisun da ya yi amfani da shi haɗin jan ƙarfe ne da nikel da baƙin ƙarfe, wanda daga baya ya yi wuyar samu, har sai a 2020 Fender ya dawo da shi. Sau ɗaya na taɓa riƙe ta asalin, a hannun wani baƙon makaɗi, kuma abin da ban manta ba shi ne yadda ko an kaɗa tsirkiyoyi shida a tare, kunne yana rarrabe kowace da muryarta, ga kauri ga tsabta. Da matasa suka ga Jonny Greenwood na ƙungiyar Radiohead yana riƙe da ita a dandali, sai aka fara rububinta.

Bazagi Na Yamai:
Malama, ina girmama iliminki, amma ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Jitocin zamanin CBS sun sha suka a kan rashin ingancin aiki, kuma makaɗa da yawa sun koka cewa wuya mai kusa uku yakan yi motsi idan ramin da aka zaunar da shi bai matse ba. Mu a nan mun san Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, bai jira wani maganaɗisu ba. Wanda surar ce ke burge shi, ai Fender ya sake fito da Starcaster a 2013, ƙirar Sin, Squier, reshen Fender mai ƙera jitoci masu araha, shi ma ya biyo baya a 2019 da farashi mai sauƙi.

Malama Mai Tsirkiya:
Gaskiyarka a kan wuyan, Malam. Sai dai ta 2013 sura kawai ta gada, domin an cire maɓalli na biyar, an sauya gadar tsirkiya, na'urorin sautinta kuma ba da wancan maganaɗisun aka yi su ba.

Ɗan Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na koma shagon da safiyar yau na ƙirga kamar yadda Baba ya ce: maɓalli uku, kusa huɗu, babu tsaga ko ɗaya. Na taya ta a kuɗin jitar koyo, mai shagon ya ce albarka, amma ya karɓi lambar wayata. Baba, na lura wuyanta ya ɗan lanƙwasa daga tsakiya. Idan ya sallama, wannan yana gyaruwa?