Horon manhajar kai rahoton masu tarin fuka: in je ko in haƙura?

Sabon Shiga: Salamu alaikum. Ƙaramin asibiti gare ni, ni da nas ɗaya. An gayyace ni horon kwana 2 kan manhajar waya da ake shigar da duk wanda aka samu da tarin fuka. A wata ba na ganin fiye da mutum 3. Rufe asibiti kwana 2 ba wasa ba ne. Wanda ya taɓa zuwa, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Dakta Gemu: Ka je. Minti 3 nake shigar da mutum: suna, sakamakon gwaji, ranar fara magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 sun kamu a 2023, waɗanda aka kai rahotonsu miliyan 8.2. Da yawa cikin ragowar ta hannunmu, masu asibitin kuɗi, suke wucewa.

Sista Mai Allura: Minti 3 ina, Dakta? Ran da intanet ya yi nauyi sai ka yi rabin awa kana kallon abu yana juyawa, ga layi a waje.

Uwar Biyu: Ni ba likita ba ce, ku yi haƙuri. Ƙanena a asibitin kuɗi aka gano nasa. An ce ya sha magani wata 6. Wata 2 da farawa tari ya tsaya, ya yi ƙiba, sai ya watsar. Ba wanda ya kira shi, don sunansa ba ya cikin rajistar kowa. Da ya dawo da jini a kaki, na'urar gwajin kaki ta GeneXpert ta nuna maganin rifampicin ya daina yi masa aiki. Kafin nan 'yarsa ta ɗauka. Ita ta warke, shi mun binne shi. Har yau sauran ƙwayoyin na cikin durowarsa.

Dakta Gemu: Allah ya jiƙansa, Hajiya.

Mai Gwaji: Amin. Amma manhaja ba ta kiran kowa, sai an sa mutum ya bi sawu.

Tsohon Hannu: Shekara 25 ina wannan aiki. Masu zuwa wurinmu sirri suke nema. Ka ce za ka tura sunansa, gobe ba ka ganinsa. Wanda bai taɓa riƙe asibiti ba ya bar mana maganar.

Uwar Biyu: Ranka ya daɗe, ni na riƙe gawa.

Ɗan Raha: Ni dai a horon bara jaka da biro na samu. Biron bai yi sati ba.

Mai Gwaji: A Indiya tun 2012 kai rahoton masu tarin fuka doka ce, da manhajarsu Nikshay. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: na'ura awa 2 take ba da sakamako, amma kakin da aka aiko sai ya kwana 4 a hanya.

Sista Mai Allura: Naka ma yana isa. Namu biyu sun ɓata a watan jiya, mai ɗauka ya kashe waya.

Sabon Shiga: To nas ɗina za ta iya zuwa a madadina?

Tsohon Hannu: Wane mai ɗaukar ne, Sista? Mai babur ɗin nan?